Tasirin Tsofaffin Rubuce-rubucen Dutse da Tagulla a Kan Fasahar Rubutu ta Ƙasar Sin

Fasahar rubutu, wato ƙawata haruffa da alƙalamin gashi da baƙar tawada, ita ce Sinawa suka ɗaukaka bisa sauran ayyukan hannu tun ƙarshen daular Han, har suka fifita ta a kan zanen surori, domin a wurinsu hannun mutum shaida ne a kan ɗabi'arsa da tarbiyyarsa da zurfin karatunsa. Sai dai ma'aunin da suke auna kyan hannu da shi bai tsaya wuri guda ba, kuma babu abin da ya girgiza shi kamar rubuce-rubucen da magabatansu suka bari a jikin tagulla da duwatsu da ƙasusuwa, waɗanda aka yi ta tonowa daga ƙasa, ko aka tarar da su a kufai da tsaunuka bayan an daɗe da mantawa da su. Nazarin waɗannan kayayyaki fanni ne mai zaman kansa da Sinawa ke kira jinshi, ilmin ƙarfe da dutse, kuma malaman da suka fara shi ingancin nassi da sahihancin tarihi suka tafi nema, sai suka komo da wani sabon ɗanɗano na kyau wanda ya sauya hannun marubuta a Sin da Koriya da Japan.

A zamanin daular Zhou ta Yamma, daga wajen 1046 zuwa 771 kafin haihuwar Annabi Isa, sarakuna da hakimai sukan sa a zuba musu tukwanen tagulla domin hidimar kakanni, a rubuta a cikinsu labarin naɗi ko kyauta ko yaƙi. Da yake a yumɓu ake fara tsara haruffan sa'an nan a kwarara narkakken ƙarfe, layukansu sun fito da kauri da zagaye, ba a ganin inda alƙalami ya sauka ko inda ya tashi. Mafi tsawon irin wannan rubutu shi ne na tukunyar nan mai ƙafa uku da ake kira Mao Gong Ding, mai haruffa kusan 500, wadda aka tono a Qishan ta lardin Shaanxi a ƙarni na 19, take kuma ajiye a gidan tarihi na Taipei. Daga wannan yanki ne kuma aka samo duwatsu goma masu siffar ganga, ɗauke da waƙoƙin farauta na sarakunan Qin, waɗanda aka tsinta a farkon daular Tang, har mawaƙi Han Yu ya yi musu waƙa yana roƙon hukuma ta killace su. Da Sarki Qin Shi Huang ya haɗe ƙasar a 221 kafin Miladiyya, wazirinsa Li Si ya daidaita haruffa a kan salo guda, wanda ake kira ƙaramin rubutun hatimi, aka sassaƙa shi a Dutsen Tai a 219 da wasu tsaunuka, domin yabon sarki ya tabbata muddin dutse yana nan.

Zamanin allunan dutse na haƙiƙa shi ne ƙarni na biyu na Miladiyya, ƙarshen daular Han, lokacin da rubutun magatakarda, mai faɗi da shimfiɗaɗɗen layi da ke ƙarewa da ɗan ɗagowa, ya kai matuƙar nunarsa. Allon Yi Ying na 153 da na Liqi na 156, dukansu na haikalin Confucius da ke Qufu, da allon Cao Quan na 185 mai laushin hannu, da na Zhang Qian na 186 mai kaushi da murabba'in baki, su ne har yau ɗalibai ke fara kwaikwayo. A 175 kuma malam Cai Yong ya nemi izinin sarki a sassaƙa manyan littattafan Confucius a kan alluna 46 a ƙofar babbar makarantar Luoyang, saboda masu kwafi sun yawaita tahrifi, malamai suna jayayya a kan harafi guda, ana bukatar hujjar da hannu ba zai iya gogewa ba. A nan ne tushen mas'alar yake, domin tun daga wannan rana dutse ya zama alƙalin da ake kai wa ƙarar takarda.

Abin da ya mai da dutse littafin da ake iya ɗauka a tafi da shi gida shi ne dabarar ɗaukar kwafinsa da takarda. Akan jiƙa siririyar takarda mai ƙwari a shimfiɗa a fuskar allo, a bi ta da burushi ana dannawa har ta shige cikin kowane rami na harafi, a dakata ta sha iska, sa'an nan a ɗauki ƙunshin tsumma da aka shafa wa tawada a yi ta bugawa a hankali. Sarari ya yi baƙi, haruffa su fito farare, da girmansu na asali, da kowane tsagu da ɓantarewa da shekaru suka yi wa dutsen. Ɗaya daga cikin mafi tsufan irin wannan kwafi da suka rage an same shi ne a kogon littattafai na Dunhuang, na wani rubutun Sarki Taizong na Tang, da ɗan bayanin da wani ya ƙara a jikinsa a 653.

Amma tafarkin da ya rinjayi fada da malamai fiye da shekara dubu wani ne dabam. A 205 Cao Cao ya hana kafa allunan kabari saboda almubazzaranci, hanin kuma ya daɗe yana aiki a daulolin kudu, saboda haka manyan gidajen kudu suka zuba ƙwarewarsu a wasiƙu da 'yan takardun da suke aika wa juna. Jagoransu shi ne Wang Xizhi, wanda ya rayu daga 303 zuwa 361, mai muƙaddimar nan ta taron Lanting ta 353, wadda Sarki Taizong ya ƙaunace ta har aka ruwaito cewa da ita aka binne shi. Babu rubutu ko ɗaya na hannun Wang Xizhi kansa da ya iso gare mu. Abin da ake da shi kwafi ne. A 992 sarkin daular Song ya sa aka tattara wasiƙun magabata da ke taskar fada aka sassaƙa su a juzu'i goma mai suna Chunhua Ge Tie, rabinsu na Wang Xizhi ne da ɗansa Wang Xianzhi, aka riƙa ba manyan ma'aikata kwafi a matsayin tukuici. Daga wannan kwafi aka sassaƙa wani, daga wancan aka sake wani, ƙarni bayan ƙarni, kowane masassaƙi yana ɗan rage kaifi, yana ɗan gyara abin da yake gani karkatacce ne. Wanda ya san ilmin hadisi zai gane wannan damuwa nan take, gama ruwaya ce mai dogon sanadi wadda ba a san halin yawancin maruwaitanta ba, alhali allon da aka sassaƙa a zamanin mai rubutun, aka binne, aka tono shi jiya, tsakaninsa da asali mutum ɗaya ne tak.

Malaman Song sun fara tara kwafin duwatsu da tagulla da himma, ko da yake tarihi suka fi nufa da su. Ouyang Xiu ya tara kwafi 1000 ya yi musu ta'aliƙi, yana gwada abin da dutse ya faɗa da abin da littattafan tarihi suka faɗa, Lü Dalin kuma ya wallafa kundin surorin tukwanen tagulla a 1092. Wanda labarinsa ya fi taɓa zuciya shi ne Zhao Mingcheng da matarsa, mawaƙiya Li Qingzhao, waɗanda tun suna matasa shi yakan jinginar da tufafinsa ya sayo kwafin dutse su zauna suna nazari tare, har suka tara 2000 suka tsara su a littafin Jinshi Lu. Da mayaƙan Jin suka ci arewa a 1127, suka gudu kudu, mijin ya rasu a 1129, dukiyar ta watse a hanya tsakanin gobara da sata, sai littafin ya rage da bayanin da matar ta rubuta a ƙarshensa. A wannan zamani ne kuma, a 1087, aka fara tattara allunan da suka zama Dajin Alluna na birnin Xi'an. Duk da haka hannun marubuta ya ci gaba da bin Wang Xizhi, ta hanyar Zhao Mengfu a daular Yuan da Dong Qichang a ƙarshen Ming.

Sauyin ya zo ne bayan 1644, sa'ad da Manchu suka karɓe mulki suka kafa daular Qing. Malamai da yawa da suka ƙi yi wa sabuwar daula aiki sun ɗora alhakin faɗuwar Ming a kan ilmin zato da yawan falsafa marar dalili, suka koma ga tahaƙiƙi, suna bin kowane harafi na tsofaffin littattafai zuwa asalinsa, wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da dutse da tagulla. Gu Yanwu ya yi shekaru yana yawo a arewa yana karanta alluna a kufai. Abokinsa Fu Shan, likita kuma marubuci a Taiyuan, ya tsani santsin hannun Zhao Mengfu, wanda jinin sarautar Song ne amma ya yi wa Mongol hidima, yana ganin laushin rubutun da laushin halin abu guda ne, ya kuma hori zuriyarsa da su zaɓi kaushi da rashin ado a kan gwanintar neman yabo. A ɗaya gefen, Sarki Kangxi ya so hannun Dong Qichang, Sarki Qianlong ya so na Zhao Mengfu, jarrabawar shiga aikin hukuma kuma ta tilasta wa dubban ɗalibai wani rubutu baƙi ƙirin, murabba'i, mai sheƙi, wanda ba a bambanta hannun wani da na wani a cikinsa. Taƙalidi ya kai inda babu sauran rai a cikinsa.

Cikin wannan hali aka shiga farautar duwatsu. A 1786 wani ma'aikacin kula da koguna, Huang Yi, ya tono ɗakunan dutse na zuriyar Wu a Jiaxiang ta lardin Shandong, waɗanda laka ta binne, ya kuma zana surorin tafiye-tafiyensa na neman alluna. A 1805 Wang Chang ya fitar da kundin rubuce-rubucen ƙarfe da dutse mai juzu'i 160. Mutumin da ya fara mai da wannan ilmi aikin hannu sosai shi ne Deng Shiru, ɗan talakawan Anhui mai sana'ar sassaƙa hatimi, wanda ya rayu daga 1743 zuwa 1805, bai kuma taɓa riƙe muƙami ba. An ruwaito cewa ya zauna shekara takwas a gidan wasu masu tara kwafi a Nanjing, yana niƙa tawada da asuba, ba ya kwanciya sai ta ƙare. Kafin shi masu rubutun hatimi sukan datse ko su babbake bakin alƙalami domin layi ya fito daidai kamar waya. Shi kuwa ya ɗauki alƙalami mai dogon gashi mai laushi ya rubuta haruffan Qin da dannawa da ɗagawa, har numfashin mai rubutu ya bayyana a cikin salon da aka ɗauka ya daskare tun zamanin Li Si. Yi Bingshou ya yi makamancin haka da rubutun magatakarda, ya miƙar da layukansa, ya cika takarda da haruffa masu nauyi kamar ginshiƙai.

Ruan Yuan, babban malami kuma gwamnan larduna, shi ya ba wannan ɗanɗano usuli. A maƙaloli biyu gajeru da ya rubuta a farkon ƙarni na 19 ya raba tarihin rubutu mazhaba biyu, ta kudu mai wasiƙu da ta arewa mai alluna, ya yi da'awar cewa ta arewa ce ta riƙe sunnar Han ba tare da yankewa ba, ta kudu kuwa son da Taizong ya yi mata ne ya ɗaga ta, kwafe-kwafe kuma sun ɓata ta. Wannan magana ta juya idon mutane zuwa wani zamani da aka daɗe ana rainawa, wato daular Wei ta Arewa, daga 386 zuwa 534, wadda ƙabilar Tuoba ta makiyayan arewa ta kafa. Bayan sun mai da fadarsu Luoyang a wajen 494, an fafe kogunan Longmen, inda masu ibadar Buda ke biya a sassaƙa musu mutum-mutumi, a rubuta sunansu da addu'arsu a gefe. Haruffan nan masu kusurwa ne, kamar an sare su da gatari, wasu sun karkace, wasu ma da kuskure, yawancin marubutansu kuma ba a san sunansu ba. Masana suka zaɓi ashirin daga ciki suka mai da su abin koyi, haɗe da allon Zhang Menglong na 522 da rubutun da aka danganta wa Zheng Daozhao a Dutsen Yunfeng na 511. Bao Shichen, almajirin Deng Shiru, ya bayyana yadda za a riƙe alƙalami a fitar da irin wannan layi, Zhao Zhiqian kuma ya nuna cewa ana iya tafiyar da kusurwar Wei da sauri har a rubuta wasiƙa da ita.

Kang Youwei ne ya kai mazhabar alluna ƙarshenta. Bayan takardar neman gyaran mulki da ya rubuta a 1888 ta kasa isa ga sarki, ya kulle kansa a Beijing yana sayen kwafin alluna, ya gama littafinsa na fasahar rubutu a 1889, aka buga shi a 1891, ya bazu ƙwarai. A ciki ya lissafa kyawawan siffofi goma na allunan Wei, ya kuma ƙasƙantar da allunan Tang, na su Ouyang Xun da Yan Zhenqing, da hujjar cewa ƙa'ida ta ɗaure su, yawan ɗaukar kwafi kuma ya cinye fuskarsu har an sake sassaƙa wasu. A nan na ga ya wuce gona da iri, domin wanda ya tsaya gaban rubutun Yan Zhenqing ba zai ce ƙarfi ya ƙare da Wei ba, kuma ba ɓoyayye ba ne cewa mutumin da ya jagoranci yunƙurin gyara na 1898 yana amfani da tsohon da ya fi tsufa ne domin ya rushe tsohon da ke kan karaga. Amma littafin ya tabbatar da wani abu mai girma, shi ne cewa masassaƙin ƙauye marar suna yana iya zama malamin waziri.

Abin da ya sauya a kan takarda a bayyane yake. An bar siririn layi mai gudu da sheƙi, aka koma ga layi mai kauri da ake ja a hankali kamar ana tura shi cikin abu mai tauri, bakinsa da ɗan kaushi, farkonsa murabba'i ko dunƙulalle. Alƙalamin gashin akuya mai tsawo da takardar Xuan mai shan tawada suka yi kasuwa, manyan baitoci biyu da ake ratayewa a bango suka ɗauki matsayin da ƙaramar wasiƙa take da shi, yabon da ya fi kowanne kuma ya zama a ce rubutu yana da ƙamshin ƙarfe da dutse. Wu Changshuo, wanda ya rasu a 1927, ya yi shekaru masu yawa yana kwafin duwatsun ganga, ya ɗaga kafaɗar dama ta haruffansu, ya kai layin nan cikin zanen furanni, yakan ma ɓantare gefen hatimin da ya sassaƙa da gangan domin ya yi kama da abin da ya kwana a ƙasa. Ɗanɗanon ya ƙetare iyaka: Kim Jeong-hui na Koriya ya sadu da Ruan Yuan da Weng Fanggang a Beijing a 1810 ya koma ya kafa salonsa, Yang Shoujing kuma ya isa Japan a 1880 da kwafi fiye da dubu goma, marubuta irin su Kusakabe Meikaku suka karɓa daga gare shi.

Mafi tsufan rubutun Sin shi ya zo a ƙarshe. A 1899 Wang Yirong, shugaban babbar makarantar fada kuma masanin tagulla, ya gane cewa zane-zanen da ke jikin wasu ƙasusuwa da ake niƙawa a yi magani haruffa ne. Allunan kafaɗar shanu ne da ɓawon cikin kunkuru, waɗanda masu duba na daular Shang suke ƙonawa su karanta tsagewarsu, sa'an nan su karce tambayar da amsar a jiki, fiye da shekara dubu uku da suka wuce. Liu E ya buga kwafin fiye da dubu a 1903, aka bi sawunsu zuwa Anyang, aka fara haƙa na ilmi a 1928. Luo Zhenyu ya riga ya harhaɗa baitoci da waɗannan haruffa tun 1921, yana kwaikwayon siririn miƙaƙƙen layin da wuƙa ke bari a ƙashi, Dong Zuobin kuma ya raba su zamani biyar, har ya lura da bambancin hannun masu karcewa daga sarki zuwa sarki.

Sai dai ƙasar da ta ba mazhabar dutse hujjojinta ita ce ta fito da abin da ya raunana ta. A 1907 Aurel Stein ya tono 'yan sanduna da allunan itace na zamanin Han a hasumiyoyin tsaro kusa da Dunhuang, Luo Zhenyu da Wang Guowei suka wallafa su a 1914, a 1930 kuma aka sami fiye da dubu goma a Juyan. Wannan tawada ce ta ainihi daga hannun sojoji da magatakarda, mai sauri da sassauci, ba ta da nauyin nan da aka zaci shi ne halin rubutun Han. Ta haka aka fahimci cewa abin da ake gani a kwafin dutse aikin hannu uku ne: marubucin da ya rubuta da jar tawada a fuskar allo, da masassaƙin da ya bi da ƙarfensa ya mai da lanƙwasa kusurwa, da ruwa da iska da suka yi ɗaruruwan shekaru suna cin bakin harafi. Shen Yinmo ya farfaɗo da tafarkin Wang Xizhi, Qi Gong kuma, wanda ya rasu a 2005, ya dage a kan cewa wajibi ne ɗalibi ya rarrabe abin da ƙarfe ya yi da abin da gashi ya yi kafin ya kwaikwaya. Gaskiyarsu ce ta fuskar tarihi, amma ban ga ta soke aikin su Deng Shiru da Wu Changshuo ba, domin tilasta wa gashi mai laushi ya fitar da abin da ƙarfe da zamani suka yi ijtihadi ne da ya haifi layin da ba a taɓa gani ba, ko a Han ko a Wei.

Jayayyar ta sake tashi a 1965, bayan an tono allunan kabarin Xie Kun da na Wang Xingzhi, ɗan'uwan Wang Xizhi, a kusa da Nanjing, aka ga haruffansu murabba'ai ne masu kama da rubutun magatakarda. Guo Moruo ya kafa hujja da su cewa mutumin ƙarni na huɗu ba zai iya rubuta muƙaddimar Lanting da wannan sassauci ba, saboda haka jabu ce ta baya. Gao Ershi, malami a Nanjing, ya mayar masa da martani cewa rubutun kabari dabam, rubutun da mutum ke yi a taron abokai dabam, sai da Mao Zedong ya sa baki kafin a buga raddin nasa. A 1998 kuma aka buɗe kabarin Gao Song, wani ma'aikacin wancan zamani, a Nanjing ɗin dai, aka tarar da haruffan allonsa sun fi kusa da daidaitaccen rubutu, abin da ya nuna cewa salo fiye da ɗaya yana gudana a birni guda a zamanin Wang Xizhi, ya kuma ƙarfafa ɓangaren Gao Ershi.